An hana ni gida saboda bashin hayar da ban ci ba

Baban Khalifa (Columbus, jihar Ohayo):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu daɗewa a ƙasar nan ta Amurka. Iyali sun ƙaru, gidan da muke ciki ya yi mana kaɗan, sai na nemi mai ɗaki uku kusa da makarantar yara. Na cika fom, na biya kuɗin bincike nawa da na maiɗakina, na miƙa takardun albashi. Jiya matar ofishin ta kira ta ce ba su amince ba, wai rahotona ya nuna an taɓa kai ni kotu a jihar Jojiya an tashe ni daga gida, kuma har yanzu ana bi na kuɗin haya. Wallahi ban taɓa zama a Jojiya ba, sai dai in ratsa ta da tirela. Wa ke rubuta wannan rahoton ne, kuma wa zan kama?

Hajiya 'Yar Zango (Bronx):
Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya fitar da kai ɗana. Ina Tafinta? Wannan aikinsa ne.

Ɗan Damagaram (Houston):
Ka nemi wani gidan kawai ɗan'uwa. Waɗannan mutane ba a jayayya da kwamfutarsu.

Tafinta (Bronx):
Wa alaikumus salam. Ɗan Damagaram, in ya bi shawararka duk inda ya je wannan takardar ce za ta riga shi isa, kuma kowane wuri sai ya sake biyan kuɗin fom. Baban Khalifa, tambaya ɗaya kafin komai: ta ba ka wani abu a rubuce, ko a waya kawai ta faɗa?

Baban Khalifa:
A waya ne kawai yaya. Da na tambayi sunan kamfanin sai ta ce ita dai abin da injin ya nuna mata ke nan.

Tafinta:
To daga nan za ka fara. Akwai dokar tarayya da ake kira FCRA, tun 1970 take, kuma ta hau kan kowace jiha. Ta ce duk mai gidan da ya dogara da irin wannan rahoto ya hana ka haya, ko ya ƙara maka kuɗin ajiya, ko ya ce sai ka kawo mai tsaya maka, dole ne ya sanar da kai, ya ba ka sunan kamfanin da ya haɗa rahoton da adireshinsa da lambar wayarsa. Ba alfarma za ta yi maka ba. Ka tura mata imel yau, ka ce kana son sanarwar ƙin amincewar a rubuce. Daga ranar da aka sanar da kai, kana da kwana 60 ka nemi kwafin rahoton kyauta.

In ya zo, kada ka tsaya kan kiran waya. Ka rubuta musu cewa shari'ar nan ba taka ba ce, ka haɗa da kwafin lasisinka, da yarjejeniyoyin hayarka na shekarun da aka ce kana Jojiya, da takardun wuta ko na haraji masu adireshinka na Ohayo. Kwafi za ka tura, asalin ka riƙe. Ka aika ta gidan waya da rajista don ka samu shaidar ranar da suka karɓa, domin daga ranar ake ƙirga musu kwana 30 na bincike, wani lokaci ya kai 45 idan ka ƙara musu wasu takardu a tsakiya. Abin da suka kasa tabbatarwa dole su goge shi. Bayan sun gyara, kana iya sa su aika gyararren ga duk wanda ya karɓi na farko cikin wata shida da suka wuce.

Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne, dokar ba ta tilasta wa mai gida ya ajiye maka ɗakin har a gama ba. Wannan gidan mai yiwuwa ya tafi. Don na gaba kake yi.

Maman Ilham (Maryland):
Ni abin da ya ɗaure min kai, na duba kiredit ɗina, wato rahoton tarihin bashina da yadda nake biya, a shafin nan na kyauta, AnnualCreditReport, ban taɓa ganin wata maganar haya ko kotu a ciki ba. Ashe daban ne?

Tafinta:
Daban ne anti, kuma nan ne mutanenmu da yawa ke ruɗewa. Wancan shafin na manyan kamfanonin rahoton kiredit uku ne, Equifax da Experian da TransUnion. Tun wajen 2017 suka fara cire hukunce-hukuncen kotun bashi daga rahoton kiredit, shi ya sa mutum zai iya samun maki mai kyau ƙwarai, amma a wani kundin daban yana da shari'ar kora. Masu binciken ɗan haya wasu kamfanoni ne barjat: RealPage, AppFolio, SafeRent, da reshen TransUnion mai wannan aikin, da ƙanana da yawa da ba ki taɓa jin sunansu ba. Su suna sayen bayanan kotuna ne a dunƙule, su haɗa da tarihin laifi da na kiredit, wasu har su fitar da maki ko launi, kore ko ja. Hukumar CFPB, ta tarayya mai kare jama'a a harkokin kuɗi da bashi, tana da jerin sunayen irin waɗannan kamfanoni a shafinta, kuma manyan cikinsu dole su ba ki kwafin fayil ɗinki kyauta sau ɗaya a kowane wata 12 in kin nema. Abin da ke tsallakowa cikin kiredit shi ne idan tsohon mai gida ya miƙa bashin ga kamfanin karɓar bashi.

Ɗan Damagaram:
To amma ya aka yi suka liƙa wa bawan Allah shari'ar wani? Ba lambar soshiyal, wato lambar shaida ta Social Security, suke bi ba?

Tafinta:
Takardun kotun haya galibi ba su ɗauke da lambar soshiyal, wasu ko ranar haihuwa babu. Suna ne da adireshi. Sai injin ya yi ta lalube da suna. A 2018 hukumar FTC, ta tarayya mai sa ido kan kasuwanci, ta sa RealPage ya biya dala miliyan 3 kan irin wannan, a ɓangaren tarihin laifi. Misalin da hukumar ta bayar shi ne, mai suna Anthony Jones ana iya jingina masa laifin Antony ko Antonio ko ma Antoinette Jones. To ku dubi namu. A rukunin nan kaɗai Muhammad Abubakar nawa ne? Wani fasfonsa Mohammed, wani Mahamadou, wani Mohamed, ga na Gini da Senegal da Somaliya masu irin sunan. Ga kuma dattawanmu da yawa da aka rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Mu ne abin ya fi saurin faɗa wa.

A Nuwamba 2021 CFPB ta fitar da matsaya cewa haɗa mutum da bayani bisa suna kaɗai saɓa doka ne, har ta ce abin ya fi cutar da baƙar fata da 'yan asalin Asiya da masu jin Sifaniyanci saboda yawan maimaituwar sunaye a cikinsu. A 2025 hukumar ta janye takardun jagora masu yawa har da wannan. Amma ita dokar tana nan yadda take, tana cewa kamfani ya bi hanyoyin da za su tabbatar da iyakar daidaito.

Ɗalibi (Kalifoniya):
Ƙari kan maganar yaya Tafinta, an koya mana shari'ar Ramirez da TransUnion wadda ta kai Kotun Ƙoli a 2021. Mutumin ya je sayen mota a nan Kalifoniya aka ce sunansa ya yi daidai da na wani a jerin 'yan ta'adda da masu safarar ƙwaya na Ma'aikatar Baitulmali. Suna kawai suka duba. Mutum 8,185 ne a ƙarar, kotu ta ce 1,853 kaɗai ke da hurumin neman diyya, wato waɗanda aka riga aka aika rahotonsu ga wani. Ma'ana sai ƙaryar ta fita ta same ka tukuna. Baban Khalifa dai tasa ta fita.

Alhaji Mai Bene (Bronx):
Na karanta duka. Allah ya warware maka Baban Khalifa, kuskure ne kuma a gyara. Amma ku bar ni in faɗi ta ɗaya gefen, don na ga an fara mai da masu gida dodanni. Ni gida ɗaya gare ni, hawa uku, ina ƙasa, na ba da biyu haya. Banki ba ya jin "ɗan hayana bai biya ba". Haraji da inshora da man dumama ɗaki ba sa jira. Na taɓa sa wani saboda an ce ɗan gida ne, tare muke sallah, ban binciki komai ba. Wata biyu ya biya ya tsaya. Kun san kotun gidaje ta Bronx da ke titin Grand Concourse, a ɗaga yau a ɗaga gobe, sai da aka kusa shekara. Tun daga lokacin ko ɗan yayana ne sai na duba rahoto. In ban duba ba da me zan san mutum?

Hajiya 'Yar Zango:
Gaskiya Alhaji ya faɗa. Akwai namu da ba sa tsoron Allah a kan haƙƙin mutane.

Maman Ilham:
Baba Alhaji, ba wanda ya ce kada ka bincika. Tambayar ita ce, abin da ka saya da kuɗinka gaskiya ne? Da Baban Khalifa ne ya zo wurinka, da ka kori mutumin kirki ka ɗauki wani wanda injin bai gano shi ba.

Tafinta:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, zan faɗa maka wata magana ka yi haƙuri da ni. A jihar New York, tun dokar kare 'yan haya ta Yuni 2019, haramun ne mai gida ya hana mutum haya saboda an taɓa yin shari'ar haya da shi. Tarar tana tsakanin dala 500 zuwa 1,000 a kowane karo, ofishin Antoni Janar na jiha ke bi. Kana iya duba kiredit, ka duba albashi, ka kira tsohon mai gidansa. Amma "na ga sunanka a kotun gidaje" ba hujja ba ce a nan. Haka kuma kuɗin bincike ba ya wuce dala 20, kuma in mutum ya zo da nasa rahoton da bai wuce kwana 30 ba, ba za ka caje shi ba. Kuɗin ajiya wata ɗaya ne tak. Sannan sanarwar nan da na faɗa wa Baban Khalifa, kai ma tana kanka. FCRA ba ta ware mai gida ɗaya daga mai gida dubu ba.

Alhaji Mai Bene:
Na san da maganar dala 20 da ta wata ɗaya. Ita waccan kuwa ba adalci ba ce. Mutum ya cinye wa wani haya, a ce ni kada in duba?

Tafinta:
Dalilinsu shi ne, rahoton ba ya bambance wanda ya ci da wanda aka zalunta. Ni ina zaune a tsakani ina fassara, ina gani. Mata ta riƙe haya saboda babu dumama a tsakiyar hunturu da jariri a ɗaki, wanda doka ta ba ta dama ta kawo a matsayin kariya, mai gida ya kai ta kotu, alƙali ya ba ta gaskiya. A kundin kamfanin abin da zai fito shi ne an shigar da ƙarar kora. Yadda aka ƙare ba ya fitowa, ko ya fito a makare. A Oktoba 2023 FTC da CFPB sun sa TransUnion ya biya dala miliyan 15 kan wannan: shari'a ɗaya ta fito sau da yawa kamar kora daban-daban, wadda aka yi watsi da ita ba a nuna ba, har da waɗanda kotu ta rufe. AppFolio ma a 2020 ya biya dala miliyan 4.25, cikin laifinsa har da sa shari'o'in da suka haura shekara bakwai, alhali doka ta ce yawancin irin wannan bayani ya faɗi bayan shekara bakwai. Sakamakon shi ne mutane suna tsoron neman haƙƙinsu. Sai ka ga iyali na zaune da ɓeraye da yoyon rufi, sun ƙi zuwa kotu don kada sunansu ya shiga.

Alhaji Mai Bene:
Wannan na yarda yana faruwa. Amma wanda ya cuce ni shi ma yanzu yana yawo da farar takarda.

Ɗan Damagaram:
Alhaji ka dawo Teksas 😂 A nan takardar kwana uku ake manna maka a ƙofa, kafin ka farga kana gaban alƙali, in an yanke kwana biyar gare ka ka ɗaukaka. Kuma sunanka ya zauna a kundi. Kuɗin fom kuwa kowa da nasa farashin. Ku na New York a aljanna kuke ba ku sani ba.

Hajiya 'Yar Zango:
Aljannar da ɗaki ɗaya ke cinye albashin mutum? Bari kawai.

Ni tawa damuwar daban ce, kuma ita ta fi yawa a cikinmu. Yaro ya zo sabo, ba takarda ba kiredit, sai a zo a ce Hajiya ki ara mana sunanki a karɓi gida. Kunya ta hana ka ƙi. Wata ƙawata ta yi haka, samarin suka watse suka bar bashi, yau ita ce ba ta iya canja gida. Su kuma waɗanda suka zauna shekara da shekaru suna biya tsakani da Allah a hannu, a ƙarƙashin sunan wani, ranar da suka tashi neman nasu sai a ce ba su da tarihi.

Tafinta:
Hajiya wannan ba ta da magani a wajen kamfanin rahoto, domin ba kuskure ba ne. Wanda ya sa hannu shi ake bi, ko bai taɓa kwana a gidan ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ita kuwa ko ladan ba ta ci ba. Abin da za ta iya shi ne ta sasanta da masu bin bashin a rubuce, ta karɓi takardar cewa an biya, sannan ta tabbatar rahoton ya nuna haka. A wasu jihohi ana iya roƙon kotu ta rufe shari'ar. Masu biya a hannu kuma, don Allah ku daina. Ku biya ta banki ko moni oda (takardar kuɗi da ake saya a gidan waya ko shago), ku ajiye rasit, ku roƙi a sa sunanku a yarjejeniyar.

Ɗalibi:
Shi ya sa nake ta kiran mutane su shiga tsarin kai rahoton biyan haya. Haya ce babban abin da muke biya duk wata, amma ba ta ƙara mana komai a kiredit sai in an kai rahotonta. Experian na da sashen RentBureau tun 2010 don wannan. A nan Kalifoniya, daga Afrilu 2025, mai gidan da ke da ɗakunan haya fiye da 15 dole ya yi wa ɗan haya tayin kai rahoton biyan da ya yi a kan lokaci, kuma kuɗin da zai caja ba ya wuce dala 10 a wata. Kai ke zaɓa, kuma kana iya fita. Ga wanda ba ya son katin bashi saboda riba, wace hanya ta fi wannan tsafta? Ba ka ranci komai ba, ba ruwa a kai. Fannie Mae, babban kamfanin da ke tsaya wa rancen sayen gida, tun 2021 yana la'akari da biyan hayar wata 12 a jere ga mai neman sayen gidan farko, takwaransa Freddie Mac ya biyo a 2022. Ko kamfanonin sayen gida ta tsarin Musulunci irin Guidance Residential sai sun duba makinka.

Ɗan Damagaram:
Wato in biya haya, in kuma biya don a faɗa cewa na biya. Ƙanena kai ɗalibi ne, kuɗinka na shigowa a ƙa'ida. Ni tuƙi nake, wani watan mota ta lalace sai tsakiyar wata nake cikawa, mai gidana ya san ni yana haƙuri. Ka ce in ɗauko kamfani in sa a tsakaninmu?

Maman Ilham:
A nan ina bayan Ɗan Damagaram rabi. Ni na shiga, amma sai da na karanta takardar. Akwai masu kai na alheri kaɗai, akwai masu kai duka har da makara. In ka shiga na biyun kuma aikinka ba tsayayye ba ne, da hannunka ka kai ƙarar kanka. Wasu gidajen ma cusa shi suke a yarjejeniya su riƙa cirar kuɗi duk wata, sai ka lura ka ce a cire. Sannan Ɗalibi bai faɗa muku ba kowane maki ne ke ƙirga haya ba. A cikin tsarukan lissafa makin kiredit, VantageScore da FICO 9 da 10 suna ƙirgawa, amma FICO 8, wanda masu ba da bashi da yawa ke amfani da shi har yanzu, ba ya yi. Sai ka ga lamba ta hau a manhajar wayarka, ka je banki a ce ba ita suke dubawa ba. Ka kuma tambaya ko duka ukun ake kai wa ko ɗaya.

Ɗalibi:
Haka ne anti, amma ga wanda ba shi da komai a fayil, ko ɗaya ta fi babu.

Maman Ilham:
Ga wanda ke biya ɗaya ga wata ba fashi, na yarda.

Alhaji Mai Bene:
Kun ga ni wannan tsarin ya fi min. A nuna min mutum ya biya wata 24 a jere, ban damu da ko an taɓa kai shi kotu ba.

Tafinta:
Da haka kamfanonin suke auna mutane da an huta Alhaji. A Massachusetts wata mata mai suna Mary Louis ta yi shekaru tana biyan haya, tana da takardar tallafin gwamnati da ke biyan mafi yawan kuɗin, amma makin SafeRent ya kayar da ita, don bai lissafa tallafin ba, ya fi kallon tsofaffin basussukan da ba na haya ba. Suka kai ƙara a madadin masu irin matsalar, a ƙarƙashin dokar hana wariya a gidaje ta 1968. A 2024 aka sasanta kan sama da dala miliyan 2, kamfanin bai amsa laifi ba amma ya yarda ya daina nuna maki ga masu riƙe da tallafin na wasu shekaru. Ita wannan dokar ta 1968 ta hana a ƙi mutum saboda launi ko addini ko ƙasar asali ko don yana da yara. Wanda ya ga alamar haka, misali an ce akwai ɗaki a waya, da aka ga hijabi aka ce ya tafi, yana da shekara ɗaya ya kai kuka ga ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na tura imel ɗin. Yaya Tafinta, in sun ƙi gogewa fa?

Tafinta:
Kana da damar sa gajeren bayaninka a cikin fayil ɗin, ka kai ƙorafi CFPB da ofishin Antoni Janar na Ohayo, sannan ka nemi lauyan masu sayayya. Da yawansu ba sa karɓar kuɗi a gaba a irin wannan, domin in an ci shari'a kamfanin ne ke biyan lauya. In aka tabbatar da gangan suka yi sakaci, doka ta sa diyyar dala 100 zuwa 1,000 ko asarar da ka yi, kuma kotu na iya ƙara ta ladabtarwa. Shekara biyu gare ka daga ranar da ka gano. Ka ajiye rasit ɗin kuɗin fom, yana cikin asarar. Kuma kada ka tsaya kan kamfani ɗaya, tunda daga rijiya ɗaya suke ɗiba, mai yiwuwa wani ma yana da wannan kuskuren.

Hajiya 'Yar Zango:
Tafinta, ita ƙawar tawa a New Jersey gidan yake, ba nan ba. Dokar New York ɗin ta shafe ta?

Tafinta:
A'a Hajiya, dokar inda gidan da take nema yake ita ke aiki. In a Bronx za ta nema, ba a isa a hana ta saboda shari'ar ba, amma bashin da ke kan kiredit ɗinta ana iya dubawa. Ki ce ta fara neman kwafin rahoton nata tukuna mu ga me aka rubuta, ta kawo min bayan sallar Juma'a.

Ɗan Damagaram:
Ɗalibi, turo min sunan wanda ke kai na alheri kaɗai in gani. Ban ce zan shiga ba fa.